Jar Laimar Kwaɗi daga Gandun Kebbe

Da sunan Allah nake buɗe shafin yau. Na ga saƙonninku. Wasu na cewa na cika zafi a kan Attahiru, wata ma ta rubuto wai mutumin da ya so ni irin wannan so bai cancanci baƙin jinin da nake shafa masa ba. To 'yar'uwa, gyara zama. Yau za ki ji abin da ya kawo gidanmu ƙunshe a cikin ƙyalle, sai ki yanke hukuncinki da kanki.

Wadda yau ta fara bin labarin, ga inda muke. Sunana Zahara'u, 'yar Malam Namadi ta Tambuwal. Lokacin da abin nan ya faru ba a daɗe da samun mulkin kai ba, atamfar bikin ma ba ta koɗe a jikin mata ba. Na gama makarantar 'yan mata na dawo gida ina koyar da 'yan aji ɗaya, duk unguwa Malama ake ce mini, har Innata, ita da zolaya take faɗa. Attahiru kuwa ɗan Kebbe ne, malamin daji, irin masu gajeren wandon kaki da doguwar safa da ke tsaron gandun daji na hukuma. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. Dogo ne siriri, mai wushirya, in yana magana sai ka ce yana tsoron kada ya taka wani. Baba kuma ko sunansa ba ya son ji. Wata shekara shanunmu sun kutsa gandun da ke wajen Fakku, malaman daji suka tsare su har sai da Baba ya je ya durƙusa gaban sa'o'in 'ya'yansa. Ba Attahiru ne ya kama su ba, a lokacin bai ma fara aiki ba. Amma a wurin Baba, kaki duk kaki ne.

Saboda haka a zauren Gwaggo Tambaya, ƙanwar Baba, muke gaisawa ranar kasuwa, ita tana zaune a bakin ƙofa tana tsinkar zogale tana yin kamar ba ta ji. Ku 'yan zamanin waya ba ku san wahala ba. Mu guntuwar takarda ce direban motar kasuwa zai miƙo wa Gwaggo, an ninke ta ƙanana kamar laya: “Malama, ina gaisuwa. Na ga wata tsuntsuwa mai irin fushinki.” Sai in yi mako ina karantawa.

Ana cikin haka Inna ta daina daka da hannun hagu. Na lura in ta ɗaga taɓarya sai ta cije leɓe. Ran nan na shiga ɗaki tana sake zane, ban yi sallama ba, na ganta ta kafa yatsu a gefen nononta tana latsawa. Ta yi sauri ta ja zanen.

“Inna, mene ne?”

“Ba komi. Maruru na.”

Ba maruru ba ne. Wani ƙullutu ne mai tauri kamar ƙwan zabo, ba ya ciwo sosai, ba ya motsi. Malamin asibitin garinmu ya tura mu Sakkwato. Can likita ya duba, ya sake dubawa, ya sa aka fassara mana: daji ne, sankarar nono. Ya ce in aka cire nonon yanzu, tun ciwon bai bi jijiya ya shiga hammata ba, akwai fata mai ƙarfi. Ya ce mu koma gida mu yi shawara, amma kada mu bari damina ta sauka ba mu dawo ba.

Abin da na sha kafin Baba ya yarda, Allah kaɗai ya sani.

“A yanke ma mace nono tana da rai?” in ji shi. “Ta tashi gaban Ubangiji da rabin jiki? Ba a gidana ba.”

Na yi kuka, na daina cin abinci, na je na durƙusa gaban liman har ya tako da kansa ya gaya wa Baba addini bai hana ba. Inna ita ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Takan zauna a bakin gadonta na ƙarfe tana kallon jeren kwanoninta, in na yi maganar asibiti sai ta ce, “Duk yadda kunka yi, Malama.” A ƙarshe Baba ya ce to. Muka shirya. Na wanke mata zannuwa, na sa mata saƙin nan mai baƙi da fari da take so, na daka gero da kayan yaji na ƙulle, na ɗaure tabarma da buta. Motar da za ta wuce Sakkwato washegarin kasuwa ita za mu bi.

Ranar kasuwar, bayan la'asar, ina shara a tsakar gida na ji sallama a zaurenmu. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Muryar Attahiru ce, a ƙofar da bai taɓa takawa ba.

Na laɓe jikin katangar zaure ina leƙe. Babu kaki ranar. Farin kaftani ya sa, da hula baƙa, ya tuɓe takalmi tun daga waje ya durƙusa nesa da buzun Baba. Kekensa na jingine, duk jan ƙasar hanyar Kebbe a jikin tayoyin.

“Mi ya kawo ka?” Baba ko gaisuwar bai gama amsawa ba.

“Baba, na ji Inna ba ta da lafiya, nac ce bari in zo in gaishe ta. Kuma na zo da wani abu, in an ba ni izini.”

Ya kwance ƙyallen. Wani abu ne faffaɗa kamar tafin hannun babban mutum, ja mai duhu, yana sheƙi kamar an shafa masa man shanu, ƙasansa fari. Irin laimar kwaɗin nan ce, amma ba mai laushin da ke fitowa a juji da damina ba. Wannan mai tauri ce kamar itace, a jikin kututturen matacciyar ɗorawa take fitowa.

“Wanga ai naman kaza na,” in ji Baba. “Kazanta ka kawo man?”

“Baba, Baturen da nika aiki ƙarƙashinai shi yag gaya man. A ƙasar Amurka masu bincike sun tatsi wani abu daga cikin irin waɗanga. Sun gano shina narkar da ƙullutun daji.”

Na ga hannun Baba ya tsaya a kan carbi.

“Ba yanka?”

“Su dai ba wuƙa sunka sa ba.”

“An gwada?”

“An gwada, Baba. An ga aiki.”

Ku riƙe kalmomin nan yadda ya faɗe su. Babu ƙarya ko ɗaya a cikinsu.

Baba ya karɓi abin ya juya shi, ya shinshina. Sai ya ɗaga murya: “Zahara'u! Kawo ma baƙo ruwa.” Baƙo. Mutumin da jiya in an ambace shi Baba kan tofar da yawu. Na kawo fura a sabuwar ƙwarya, Attahiru ya ɗago ya dube ni da wani irin haske a ido, kamar yaron da ya ci jarrabawa.

Da ya tafi na samu Baba. Na ce a haɗa biyu, a tafi asibitin, a riƙa ba ta wannan ɗin a can.

“Turawan da sunka ce a yanke, 'yan'uwansu sun samo abin da ya fi yanka,” in ji shi. “Ke da kinka yi boko ya kamata ki fi kowa murna. Kwance kayan nan.”

“Baba, likita ya ce kafin damina.”

“Likita Allah na? Kwance, nac ce.”

Na juya wurin Inna, ina jiran ta ce wani abu, ko da kalma ɗaya. Tana zaune ta riƙe jar abar nan a cinyarta tana shafawa da babban yatsa. Ta ce, “A gwada na yaron nan.”

Haka motar ta wuce ba mu a ciki.

Attahiru ya nuna mana yadda za a yi. A sassaƙa shi ƙanana da wuƙa, a shanya, a tafasa a sabuwar tukunya har ruwan ya koma kalar jan shayi. Na ɗanɗana sau ɗaya, ɗacinsa ya fi na maɗaci. Gwaggo Tambaya ta ce a jefa jar kanwa, wata maƙwabciya ta ce a sa zuma, kowa ya zama likita. Inna takan rufe ido ta shanye kwanon safe da yamma ba ta ko yatsina fuska.

Kuma, don in yi wa kowa adalci, da farko kamar abin ya yi. Ta samu barci. Ta riƙa cin tuwo har tana neman ƙari. Wata rana ma na dawo daga makaranta na tarar tana waƙa tana tankaɗe. Baba ya yanka zakara ya yi sadaka. Ni ma zuciyata ta fara kwanciya, ina cewa wataƙila ni ce mai baƙin zato. Ban san rabin sauƙin nan na wadda aka ɗauke wa wuƙa daga kai ne ba.

Attahiru ya zama ɗan gida. Duk ranar kasuwa yana tafe da sabon ƙunshi. Da ruwa ya sauka hanyar Kebbe ta ɓaci, yakan ɗauki keken a kafaɗa ya ratsa rafi, ya iso wandonsa jiƙe har cinya, ƙaya ta yayyage masa hannu wurin neman abin a cikin gandu. Baba ya fara ce masa “ɗana”. Ya ba shi izinin zance a zaurenmu, aka shimfiɗa mana sabuwar tabarma. Nakan sa atamfata mai ruwan ganye, in ɗaura kallabi in karkata shi, in sa tozali, in fito ina jin kamar duniya ta gyaru a lokaci ɗaya: ga Inna na warkewa, ga wanda nake so a zauren ubana. Gwaggo kullum sai ta ce, “Ke dai kin yi goshi. Wanga ba miji kaɗai na ba, asibiti na sukutum.” Maganar aure ta tashi, kuma waɗanda a da suka hana su ne yanzu ke gaggawa.

Ni nake yi wa Inna wanka, don haka ni na fara gani. Ƙullutun bai ragu ba. Fatar wurin ta tattare ta yi ramuka ƙanana kamar bawon lemo, kan nonon ya shige ciki. Na gaya wa Attahiru, ya ce wataƙila magani ne ke tattaro ciwon wuri ɗaya. Na gaya wa Baba, ya ce haka yaron ya ce. Lokacin da gero ya fara fitar da kai, wurin ya fashe.

Ba zan bayyana muku yadda yake ba. Warin kawai zan faɗa. Mun ƙona turaren wuta, mun ƙona bawon lemo da kajiji, ya ƙi barin ɗakin. Inna, macen da ba ta fita ko tsakar gida sai ta shafa turare, ta riƙa cewa a saukar da asabari kada mai shigowa ya ji. Sai kuma na taɓa hammatarta na ji wasu 'yan ƙwallaye a jere kamar carbi.

Ranar kasuwar da ta biyo, da hantsi, Attahiru ya iso da ƙunshinsa yana murmushi. Ban yi kwalliya ba. Da zanen aikin gida na fito, ɗauke da wani tsohon kwano a rufe da faifai. Na ajiye a gabansa.

“Mi anka dafa muna yau, Malama?”

“Buɗe.”

Ya ɗaga faifan. Tsummokin da na cire daga ƙirjin Inna da safen ne. Ya kau da kai, ya toshe hanci da hannun riga, sannan ya ji kunya ya sauke hannun.

“Malam Attahiru, zan tambaye ka abu ɗaya, kuma ka ji tsoron Allah. Ka ce wa Baba an gwada maganin nan. Mace nawa ta warke?”

Ya sunkuyar da kai.

“Namiji nawa?”

Ya ƙura wa tabarma ido yana jan wani zare da ya fito daga bakinta.

“A kan wa aka gwada shi?”

“Ɓeraye.” Da ƙyar na ji.

“Me ka ce?”

“Ɓeraye na anka gwada ma. Waɗanda aka kiwo don bincike. An sa musu ciwon, an yi musu allurar abin da anka tace, ƙullutun ya ragu ga wasunsu.”

“Allura. Ba tafasawa ba.”

“Ba tafasawa ba.”

“Kuma wannan ɗin ne? Wannan jan da kake kawowa?”

Ya girgiza kai. “Wani iri na daban, fari, mai kama da ƙwallo. Amma Baturen ya ce dangi ɗaya su ke, ya ce mutanen Sin sun daɗe suna shan wanga jan don ƙarfin jiki. Ya ce wata rana daga cikinsu za a samu maganin daji. Wallahi haka yac ce.”

“Wata rana.”

“Zahara'u, ki saurare ni. Ni ban san za a fasa tafiya ba. Nac ce in kawo, a tafi da shi asibiti, Baba ya ga ni ma ina da amfani. Da yac ce a kawo man ruwa, da yak kira ni baƙo, sai bakina ya yi nauyi. Duk mako ina cewa yau zan faɗa. In na iso in ishe shi ya shimfiɗa man buzu. Kuma na ga tana cin abinci, sai nika ce ma kaina ƙila shina aiki. Ni ma na so ya yi aiki. Ba ki ga hannuna ba?”

Ya miƙo hannayen, duk tabon ƙaya. Ku ji fa. Hannunsa yake nuna mini, kwanon na gabansa a buɗe.

Na ce, “Ka sayi tabarmar zauren nan da nonon uwata.”

Ya fashe da kuka, babban mutum, hula ta faɗi. Ya ce in rufa masa asiri, in Baba ya ji ba zai ƙara kallon inda yake ba, kuma duk Tambuwal da Kebbe za a ce malamin daji ya kashe matar mutane. Na tsaya ina kallonsa. Abin da ya fi ba ni haushi, ko a lokacin sai da wani ɓangare na zuciyata ya so in ɗauko hular in miƙa masa.

Na ce, “Ba zan faɗa ba yau. Amma yanzu za ka tashi ka sami Baba ka ce maganin ba ya aiki shi kaɗai, sai an haɗa da asibiti. Bakinka ya hana tafiyar nan, bakinka zai buɗe ta.”

Ya je ya faɗa. Baba, da ni na yi wata da watanni ina roƙo bai ji ba, nan take ya ce a nemi mota.

Hanyar Sakkwato da damina, a bayan motar ɗaukar kaya, a kan buhunan albasa. Duk ramin da muka faɗa Inna takan damƙe gwiwata, ba ta yi ƙara ko sau ɗaya ba. Hannunta na hagu ya kumbura har awarwaronta ya nutse a cikin nama, sai da maƙeri ya yanke shi kafin mu taso.

Likitan nan ne dai. Ya gane mu. Ya ɗaga zanen ya duba, ya taɓa hammata, ya taɓa wuya, ya sa abin sauraro a bayanta ya daɗe. Sannan ya fito da ni waje. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ciwon ya wuce inda wuƙa za ta kai, ya shiga ƙirji. Zai ba mu abin wanke gyambon da abin rage zafi. Ya ce in kai ta gida cikin 'yan'uwanta.

Na ciro guntun jar abar daga bakin zanena na nuna masa, da ɗan Turancina na makaranta na tambaye shi ko ita ta ƙara ciwon. Ya juya ta a hannu. Ya ce ba ya jin ta ƙara komai, ba ya kuma jin ta rage komai. Ya ce gaskiya ne ana bincike a kan irin waɗannan, kuma mai yiwuwa nan gaba a tace wani abu mai amfani daga cikinsu, amma tsakanin ɓera da mutum tafiya ce ta shekaru. Sai ya miƙo mini ita ya ce, “Lokacin da ta ci muku, shi ne ba ni da maganinsa.”

Yanzu da na tsufa ina jin jikokina na cewa a wasu ƙasashe an tace wani abu daga irin naman kazar nan, ana ba masu daji tare da maganin asibiti don jikinsu ya jure. Tare, ba a maimako ba. Ban musa ba, Allah ya sa ya amfani masu rabo. Ni dai na san matar da aka ba a maimako.

Muka dawo Tambuwal. Baba ya ce ƙaddara ce, ya ce yaron ya yi iya ƙoƙarinsa, wa zai ratsa rafi da keke a kafaɗa don matar da ba uwarsa ba? Gwaggo ta ce a yi auren nan da wuri Inna ta gani da idonta. Kowa ya ce haka ne. Ni na daina fita zaure. Attahiru ya aiko da takardu ta hannun Gwaggo, na riƙa sa su a murhu ban buɗe ba. Aka ce damuwar ciwon uwata ce.

Wata safiya, an fara yankan gero, ina wanke wa Inna gyambon da ruwan da likita ya ba mu. Ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito, amma ta sa na ɗaura mata kallabinta mai ruwan goro, wai ba ta son a shigo a ganta kamar mara gata. Ta ce in tafasa mata na yaron nan.

“Inna, ki bar shan abin nan. Ba ya yi miki komai.”

“Na sani.”

Na tsaya da audugar a hannu.

“Tun wata na farko nas sani, Malama. Jikina na. Ina jin shi shina girma ina kwance.”

“To don me? Inna, don me ba ki faɗa ba?”

Ta ɗan yi murmushi, leɓenta a bushe. “Wuƙar nan tsoro taka ba ni, ba ni ɓoye miki. Kullum in na rufe ido ina ganin an shimfiɗe ni kamar akuya. Da yaron nan yaz zaka da abinai, sai naj ji kamar an buɗe man ƙofa.” Ta huta, numfashinta na fita da ƙyar. “Sannan nag ga babanki ya ce a kawo mai ruwa. Nag ga fuskarki sa'ad da kinka ɗauki ƙwaryar. Ni na haife ki, ban taɓa ganin wagga fuska ba. Nac ce in ɗacin nan shi ka riƙe mai ƙofar gidan ga a buɗe, ni ko zan ta sha.”

Audugar ta faɗi cikin ruwan. Na ce, “Ni ban roƙe ki ba. Inna, ban roƙe ki wannan ba! Wa ya ce miki ina son miji fiye da ke?”

“Ba a roƙon uwa irin wanga.”

“Kin san a kan me aka gwada shi? Ɓeraye, Inna. Ɓeraye! Kuma ya sani tun ranar da ya durƙusa a zauren nan.”

Ta rufe ido. Na zaci za ta yi fushi, ko ta yi kuka. Sai ta lalubo wuyan hannuna ta riƙe da hannunta mai lafiya.

“To ya tsaya nan, tsakanina da ke. Babanki shi yac ce a kwance kaya. In yaj ji, ba yaron kaɗai zai tsana ba, kansa zai tsana har ya mutu. Kuma in kinka ƙi auren nan, to a banza nash sha. Kina ji na? A banza.”

Kun ji irin kayan da aka ɗora mini. Mutum ɗaya ya yi shiru don ya same ni, ɗaya ta yi shiru don in same shi, ba wanda ya tambaye ni, kuma ni ake so in biya da sauran rayuwata. In kwana ɗaki ɗaya da shi, in dafa masa tuwo, in haifa masa 'ya'ya, in sa wa ta fari sunan Inna, ya riƙa kiran sunan a tsakar gida.

Ban gama share hawaye ba na ji hayaniya a waje, kukan jaki da gaishe-gaishen maza. Gwaggo ta leƙo tana rangaɗa guɗa ƙasa-ƙasa saboda mara lafiya. Sai ga Baba ya ɗaga asabari, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a mai aska biyu, fuskarsa a sake kamar yadda na daɗe ban gani ba.

“Mutanen Kebbe sun iso, iyayen Attahiru da shi kansa, ga goro sun kawo. Sun ce a sa rana cikin makon ga, saboda jikin innarki.” Ya dube ni. “Ni ba ni yi miki dole, ke kinka kawo shi tun farko. Mi zan ce musu?”

Yatsun Inna suka nutse a wuyan hannuna. Ban san tana da sauran ƙarfi haka ba. Na dubi idonta, roƙo ne zalla a ciki. Na dubi Baba, tsoho mai furfura da ya yi ado don ranar farin cikin 'yarsa. Wallahi na buɗe baki ne da niyyar in ce to.

Abin da ya fito shi ne, “Baba, kafin a raba goron nan, ka tambaye shi a gaban iyayensa, a kan wa aka gwada maganin da ya kawo.”

Baba ya tsaya. Murmushin bai bar fuskarsa nan take ba, a hankali ya riƙa zamewa. Ya dubi tukunyar da ke bakin ƙofa, ya dube ni. Ya saki asabarin, na ji takunsa ya nufi zaure.

Inna ta sake mini hannu. Ta juya da ƙyar, a kan gefen da ke mata ciwo, ta fuskanci bango.

Na kira ta, na sake kira. Tana ji na, ina ganin numfashinta. Ba ta amsa ba. Can daga zaure kuma gaishe-gaishen suka yanke gaba ɗaya, na ji muryar Baba, a hankali, yana cewa, “Attahiru, matso nan kusa da ni.”